Shekarar da Na Kafa Kara a Yashi

Ku da kuke cewa kamun tsuntsun ruwa ba sana'a ba ce, wai ɗaura gashi ne mutum ya koma gindin itace ya yi barci, ku matso nan. Kai mai dariyar, miƙo hannunka. Ga silin izga uku, murɗa mini su bisa cinya su zama ɗaya. Ka gani? Sun warware. Ni wata biyu na yi ina wannan kaɗai kafin a bar ni in ɗana tarko guda, kuma ban fi ka shekaru ba a lokacin. To ku zauna, ko da yake ni da nake cewa ku zauna ban taɓa iya zama ba.

Mamman Ba-Zama ake ce mini a Bakura, kuma ba zalunta ta anka yi ba. Tun ina ƙarami in anka aike ni ɗebo wuta sai na biya ta gida uku. Uwata ta gaji, ta kai ni wurin wanta, Kawu Ummaru, wanda duk bakin gulbinmu ba wanda ya kai shi sanin tsuntsu. Ta ce masa ga shi nan, in ruwa bai sanyaya shi ba to sai kabari. Kawu mutum ne da zai wuni bai faɗi kalma goma ba. Ba ya kuma gaya maka dalilin abu. Zai ce yi, ko ya ce bari, in ka tambayi dalili sai ya dube ka awa wanda ya yi tusa cikin masallaci. Haka anka koya masa, haka ya koya mini, kuma wannan rashin faɗin dalili ya ci mu daga baya, ni da shi duka.

Tarkon farko da na ɗana na kirinjijiya ne, agwagwar dajin nan mai farar fuska da ke fito in ta tashi. Izgar sai ta ingarma, baƙa, don ta goɗiya fitsari ya cinye ta, tsinkewa take. A wanke ta da ruwan toka, a murɗa uku-uku, a yi zarge wanda ƙafar tsuntsu za ta shiga amma yatsun hannunka uku ba za su wuce ba. Sai a jera zargunan bisa doguwar igiyar rama, a kafe ta da 'yan turaku a inda ruwa bai wuce idon sawu ba, a watsa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, da 'ya'yan bado. Na yi duk wannan daidai. Abin da ban yi ba shi ne haƙuri. Na je na duba, na dawo, na sake komawa, har sau biyar kafin hantsi. Ko gashin tsuntsu ban samu ba. Washegari kuma na yi fushi na ƙi zuwa da wuri, na iske biyu sun kamu sun mutu cikin zarge. Mushe. Kawu ya sa na haƙa rami na rufe su da hannuna, ya ce wuƙa ake ratayawa a wuya don a yi yanka da bisimilla, ba don ado ba. Sana'ar ke nan: in ka cika zuwa ka kore su, in ka makara ka yi asarar rai a banza.

Sai aikin gora. A samo manyan goruna a sake su bisa ruwa kwana da kwanaki, suna yawo cikin agwagi har su saba da su. Ranar kamu sai ka huda wa guda idanu, ka kifa a kanka, ka shiga ruwa har wuya, kana tafiya a tsugune kamar iska ce ke tura ka. In ka iso sai ka kamo ƙafa ta ƙarƙashi ka ja, ko kuka ba za ta yi ba. Lokacin ɗari ake yi, ruwan nan kamar ana yanka ka da aska, matsattsaku na shan jininka ba ka da ikon ko motsi. Dinya, babbar agwagwar ruwan nan, ta taɓa dukana da fiffike a kunnen hagu, har yau in ana magana ta wannan gefen sai na juyo.

Ran Talata mu ɗora wa jaki mu nufi kasuwar Mafara. Babbar mai sayenmu Inna Tumba ce, mai tuwon shinkafa a bakin tasha. Wannan mata ba a yi mata wayo. Za ta ɗaga tsuntsu ta hura gashin ƙirjinsa ta ga kitse, ta shinshina ƙarƙashin fiffike, ta duba wuya ta tabbata yankan mai rai ne. In ya yi mata sai ta ce ramamme ne, in bai yi mata ba ko magana ba ta yi, tura maka abinka take da ƙafa. Akwai kuma masu magani da ke bin mu a ɓoye, wannan yana son kan zalɓe, wancan ƙafar jinjimi. Kawu yana sayar musu. Abu guda ne ko za ka yi kuka ba zai ba ka ba, ƙwan zakaran ƙeƙuwa.

A nan zan tsaya, don shi ne kan zancen. Ƙasa da garinmu akwai wani faffaɗan yashi a tsakiyar gulbi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ana ce masa Yashin Ummaru, kafin nan kuma Yashin ubansa. In bazara ta kama, zakaran ƙeƙuwa ke zuwa ya yi ƙwai a kansa. Kun san shi, mai baƙi da fari, mai ƙaya a fiffike, wanda ba ya rufe baki. Ba ya yin sheƙa bisa itace. Ɗan gurbi yake tonawa a fili, ya zuba ƙwai masu kalar tsakuwa, sai ka taka ba ka gani ba. Namansa bai kai loma biyu ba, ba mai saye. Amma shi ne mai gadin gulbi. Guza ya fito, ko shirwa ta yi shawagi, shi zai fara kwarmato, su taru su yi ta kai sara har abin ya gudu. Agwagi sun san haka, shi ya sa inda yake nan suke sauka. Ba shi, ba agwagwa. Ba agwagwa, ba mu.

Saboda haka daga ranar da anka ga ƙwan farko har 'yan tsaki su tashi, ba tarko a yashin nan, ba gora, ba ɗaukar ƙwai. Aikin mai yashi shi ne ya kewaya sau ɗaya da safe, ya kori karnuka daga gaɓa, ya roƙi masunta kada su shanya taru a kai. Kawu ya ce mini, kuma wannan kaɗai ya taɓa yi mini bayaninsa, muddin anka ƙyanƙyashe ko ɗa guda, za su dawo baɗi. In shekara ta wuce fayau ba ɗa, sun bar wurin ke nan har abada. Wata rana muna kewayawa na hangi gurbi, na tsaya ina nuna masa da yatsa don murna. Ban ankara ba na ji kara a ƙeya. Ya ce ba a tsayawa kan gurbi, ba a nunawa, wucewa ake. Na ɗauka don kada uwar ta firgita ne. Ban tambaya ba, shi kuma bai ƙara ba.

Sai ga aikin dam ɗin Bakolori. Motoci irin waɗanda ba mu taɓa gani ba, leburori daga ko'ina, kowa da kuɗi a aljihu da yunwar nama. Ruwa ya taru a sama wajen Maradun ya zama teku, agwagi sunka yi ta sauka can. Ni da ƙafata ke ƙaiƙayi, ai abin nema ya samu. Na kwashi goruna na bi su. Yau ina nan, gobe ina Gidan Goga, jibi na gangaro Mafara na sayar. Shekara huɗu ko biyar na yi a haka, ina leƙo gida jefi-jefi. Duk zuwan da zan yi sai in ga gulbinmu ya ƙara ramewa. Ambaliyar da ke wanke yashi duk damina ta daina zuwa yadda ta saba. Fadamu sunka bushe. Ga kuma wani abu da ba wanda ya lura da shi sai Kawu: hankaki. Da can sai ka wuni ba ka ga biyu ba. Da mutane sunka yawaita, juji ya yawaita, mahauta sunka ƙaru, sai ga su garke-garke, sun yi ƙiba, ba su tsoron kowa.

Ciwon gwiwa ya kwantar da Kawu, idonsa ma ya fara hazo. Ya aika anka kira ni. Na iske shi a zaure bisa buzu, munka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan sama, ya tambayi mutanen da na baro, har na fara mutsu-mutsu.

"Ɗan nan," ya ce, "yashin ga ubana ya ba ni shi da tsuntsunsa. Na ba ka. Ban ce ka ƙara masa komi ba. Ka bar shi yadda ka same shi."

Na ce in Allah ya so zai ji daɗina. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, don ban zaci zai yarda da ni ba.

Bazarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarar. Tsofaffi sun daɗe suna cewa zafin yanzu ba irin na da ba ne, yana zuwa da wuri kuma ba ya son tafiya, muna cewa tsufa ne ke damunsu. A shekarar nan kowa ya yarda. Kafin hantsi ya ɗaga yashi ya zama garwashi, takalmin taya na narkewa a ƙafa. Gajimare ya taso ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Tsuntsayen sun zo, amma ba da yawa ba, gurbi tara na lissafa inda da can ba ka iya lissafi. Ku fa gane, a irin wannan zafi uwa ba ɗumama ƙwai take ba, inuwa take yi masa don kada ya dahu. Tana tsaye bisa shi, baki buɗe, tana haki. In abin ya yi yawa sai ta ruga bakin ruwa ta jiƙa ƙirjinta ta dawo ta shafa wa ƙwan. Da can sau kaɗan take yin haka a wuni, kuma ruwan na kusa. A shekarar nan ruwan ya ja baya da nisa, ita kuma ba ta da hutu, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Duk tafiya guda ƙwai na nan a buɗe.

Sannan ruwan da ya raba yashin da gaɓar gabas ya ƙafe ƙurmus. Abin da ke tsibiri ya zama hanya. Na ga sawun tunku, na ga na kare. Mafi muni, shanu sunka fara ratsawa ta kai suna zuwa shan ruwa. Ran nan na iske gurbi guda kofato ya murƙushe shi, ƙudaje na bi. Saura takwas. Na kasa cin tuwo. In kwanta in tashi, in fita ƙofar gida in dawo. Da na je na gaya wa Kawu da ba a yi haka ba, amma na ce a raina tsoho na fama da gwiwa, mi zan kai masa sai labarin nasara.

Na sami mai shanun, wani Bafulatani dattijo da ake kira Ja'e, mutumin kirki. Munka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na faɗa masa damuwata. Ya ce shi ba ya son ɗaukar alhakin ko tururuwa, amma ƙaƙa zai kauce wa abin da ba ya gani? In sa masa alama kawai. To mu nan kun san alamarmu. Manomi in yana son a san wuri da mai shi, kara yake kafawa ya ƙulla ciyawa a kai, ba makiyayin da zai tsallake. Kowa ya tashi ya iske ana haka. Na ce ai ga magani a gonar yaro. Na yanko karan dawa takwas dogaye, na kafa guda a gefen kowane gurbi, na ƙulla ciyawa. Ban tsaya nan ba, don ni ban san isa ba. Na ce tunda zafi ke wahalar da su bari in yi musu rumfa. Na saƙa 'yan faifai na kaba na ɗaura a jikin karan ta yadda inuwa za ta faɗa bisa ƙwai da rana tsaka. Wuni guda na yi ina durƙuso gurbi-gurbi, uwayen na ta zagina a sama, ina ce musu ku yi haƙuri, don ku nake yi.

Ja'e ya cika alkawari. Shanunsa sunka riƙa bin gefe, ko ɗaya bai kusanci kara ba. Uwayen sunka koma bisa ƙwansu. Kwana biyu ina tafiya ina jin kaina awa sarkin gulbi.

Rana ta uku na makara kaɗan, na tsaya gyaran akalar jaki. Tun daga gaɓa na ji kukan uwayen ya sake. Na ɗaga ido, sai ga hankaka zaune bisa karana. Ba guda ba, kowane kara da nasa. Ba su ma wahalar nema. Su zauna can bisa, su jira zafi ya kori uwa zuwa ruwa, su diro. In ta ƙi tashi, guda ya ja ta da faɗa, ɗayan ya ɗauke ƙwan. Kara zuwa kara suke bi kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Na ruga ina ihu ina jifa, takalmi guda ya fita, ƙafata ta ƙone ban ji ba. Ko da na isa ɓawo kaɗai na tarar, gurbi takwas, duk an fasa an shanye. Abin da tsuntsun nan ya ɓoye da kalar ƙwansa tun kaka da kakanni, ni na zo na kafa masa tuta. Garin gyaran gira na tsone ido. Na zauna bisa yashin nan mai zafi, kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ba ni na gaya wa Kawu ba, labari ya riga ni. Na iske ya sa an ɗaura wa jaki akumari. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Na ɗora shi, na ja akala har bakin gaɓa. Ya ce in sauke shi ƙarƙashin wani gawo. Idonsa ba ya hangen nesa, da kunne yake aiki. Munka zauna tun hantsi, ni ina ta tashi ina zama, shi ko gezau. Ya tambaye ni ranar da na kafa karan ko akwai hankaki kusa. Na ce akwai, bisa gawon ga ma. Ya ce to kallona suke, hankaka ba ƙwai yake nema ba, mutum yake bi da ido ya ga inda ya tsaya. Na ce Kawu ai ba ka taɓa gaya mini ba. Ya ce shi ma ba a gaya masa ba, kara ya sha a ƙeya, sai da ya tsufa ya gane.

Rana ta take sai ya ɗaga hannu. Can ƙarshen yashi ta arewa wata uwa guda na kuka, ba irin na sauran ba, gajere, tana yi tana tsayawa.

"Waccan tana da ƙwai," ya ce.

Na ce ba ta da shi, tara ne duka, na lissafa. Ya ce goma ne. Na zabura zan je in gani, sai na ji ya cafke mini wuyan hannu. Tsohon da ba ya iya miƙewa, amma sai da yatsunsa sunka bar mini shaida.

"Zauna. Waccan ta tsira ne don ba ka gan ta ba."

Na ce to bari in tumɓuke karan nan in ƙone su. Ya ce a'a, in bar su, in ma ƙara. Hankaki sun riga sun koyi cewa inda Mamman ya durƙusa akwai abinci. Ba a goge musu wannan, sai dai a yi aiki da shi. Ya ce kullum in zafi ya fara, lokacin da uwar ke yawan zuwa ruwa, in je ƙarshen yashi ta kudu, nesa da ita iyakar nisa, in kafa kara, in durƙusa, in yi kamar ina gyara gurbi. In riƙa ajiye musu ɗan abu, kan kifi ko hanjin kaza, don kada su gane wayon. Arewa kuwa ko da wutsiyar ido kada in dube ta.

Haka na yi, fiye da wata guda. Kullum in fito da ɗaurin kara a kafaɗa da ƙunshin hanji da na roƙo wurin mahauta. Tun ina gaɓa hankakin ke tarbata. In kafa, in durƙusa, in tona ramin banza, su diro suna faɗa da juna a bayana. In matsa gaba in sake. Daga hantsi har la'asar ta yi sanyi, ba inuwa, sai tulun ruwa da na binne cikin yashi. Leɓɓana sunka tsage, tafin ƙafata ya saɓule. Mutanen gari sunka ce Ba-Zama ya taɓu, yana noman kara a yashi yana kiwon hankaki. Inna Tumba ta aiko a tambaye ni ko na koma sayar da su ne ta tanadi tukunya. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wuyana. Ina jin kukan uwar nan a bayana, wani lokaci ya yi tsanani kamar ana yanka ta, kuma ba ni da ikon juyawa. Ni da ban iya barin tukunya ta tafasa ban buɗe ba. Sai in kama kara da hannu biyu in danne, in yi ta salati har kukan ya lafa.

Ja'e ne ya kawo mini labari. Ya zo wucewa ta gefena, bai tsaya ba, bai dube ni ba, idonsa na kan shanunsa ya ce ya ga 'yan tsaki biyu a bakin ruwa ta arewa suna bin uwa, har sun fara gashi. Na ƙara kwana goma a kai don su yi ƙwari. Sannan ruwan sama ya sauka, gulbi ya ɗan motsa, na tumɓuke karana na koma gida. Kawu ya ji, ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuska bango.

Da ɗari ya shigo na je ɗana tarko a gefen yashin kamar kullum. Ban gama kafa turaku ba sai ga inuwa bisa kaina. Hankaki sunka zauna kewaye da ni suna jira. Agwagwar da za ta sauka inda hankaki sunka yi cincirindo ba a haife ta ba. Guda da ta yi kuskuren kamuwa, kafin in iso da wuƙa sun ƙwaƙule mata ido. Na sake hula, na ari rigar maƙwabcina, na bi ta wata hanya, na rufe kai da malafa. A banza. Tafiyata ma sun sani. Har 'ya'yansu da ba a haifa ba lokacin da na kafa kara sun koya daga iyaye.

Bazara ta zagayo. Masunta sunka ce zakaran ƙeƙuwa ya dawo, sun ji kuka wuri uku ko huɗu. Na tashi da safe zan yi kewayen mai yashi, aikin da anka ba ni. Ina isa gawon nan, ko gangara ban yi ba, hankaki sunka tashi fuu sunka yo kaina. Na tsaya. In na sa ƙafa bisa yashin nan, duk inda idona ya sauka nasu zai sauka. Na juya na tafi wurin Kawu, na ce sun hana ni shiga. Ya ce ya san za a yi haka tun ranar da ya sa ni aikin.

"To wa zai kewaya?" na ce.

"Ba kowa. Kai dai kada ka je. Gadinka ke nan."

Shekarata ba ta kai arba'in ba a lokacin, ga ƙarfi ga sani. Na gwada bakin dam na ɗan lokaci, amma masu bindiga sun cika wurin, tsuntsu ya yi wayo. Na rataye goruna, na karɓi 'yar kadada a bakin kanal na ban ruwa ina noman tumatir, sana'ar da har gobe ban so ba. Kawu ya rasu bai canza magana ba, ni kuma ban sake taka yashin nan ba. Ko a bara da bazara na bi ta hanyar gaɓa zuwa ta'aziyya, na jiwo kukan zakaran ƙeƙuwa can ƙasa, ƙila biyu, ƙila uku, ban leƙa in tabbatar ba. Wasu hankaki sunka taso daga itace. Ban sani ba ko jikokin waɗancan ne ko yunwa ce kawai. Na dai sunkuyar da kai na ƙara sauri na yi kudu, sunka biyo ni.